Mutanen Holan Ba Su Iya Kara Ba

Duk wanda ya zo Holan da niyyar zama, ba sanyi ko yawan ruwan sama ne zai fara gigita shi ba, bakin mutanen ƙasar ne. Ka kawo shawara a wurin aiki, yarinyar da ka haifi sa'arta za ta dube ka ido cikin ido ta ce shawarar nan ba ta da amfani, ta jero dalilanta, can anjima kuma ta dawo tana tambayarka lafiyar yara kamar ba a yi komai ba. Baƙo yakan ɗauka an tsane shi. Shawararsa aka ƙi, shi kuwa yana nan a matsayinsa.

Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki a Rotterdam. Kafin in samu aikin sai da na bi matakan da ake ɗora wa baƙi: koyon yaren ƙasar, jarrabawa, da sa hannu a wata takarda da ke cewa ka san ƙa'idojin zama a nan, irin su 'yanci da daidaito, kuma za ka mutunta su. Na karanta ta da kyau kafin in sa hannu. Babu inda ta ce in sauya abin da na yi imani da shi.

A wurin aikin ne abin ya zo mini da nauyinsa. Tun Afrilun 2002 dokar Holan ta ba likita damar kawo ƙarshen ran majinyaci idan shi majinyacin ne ya nema da kansa, yana cikin wahalar da ba zai iya jurewa ba, babu alamar sauƙi, kuma wani likitan daban ya duba shi. A 2023 kaɗai sama da mutum 9,000 suka mutu ta wannan hanya. A wurina wannan haramun ne, ba ni da ko ɗigon shakka. Rai amana ne, mai shi ne yake karɓar abinsa a lokacin da ya so. Na faɗa wa shugabar sashenmu haka tun farko, na ce ba zan tsaya a ɗakin da ake yin wannan ba. Ta ce ba ta yarda da ra'ayina ba ko kaɗan, a ganinta rashin tausayi ne a bar mutum yana ta fama. Sannan ta ɗauko jadawalin aiki ta gyara, domin dokar ba ta tilasta wa kowa sa hannu a ciki ba, har shi likitan.

Akwai wata dattijuwa da na yi wa hidima tsawon lokaci, wadda ta zaɓi wannan hanya. Ni nake mata wanka, ni nake taje mata gashi, na san daren da ciwo ke hana ta runtsawa. Wata rana ta tambaye ni kai tsaye, irin tasu, ko ina ganin laifi take shirin aikatawa. Na ce mata e, a addinina laifi ne babba, kuma da da hali da na so ta fasa. Ta ce ta gode da ban yi mata ƙarya ba. Ba ta fasa ba. Ni ma ban sauya ba, har gobe. Amma ban rage mata komai a hidima ba, kuma ban taɓa zama da wani na ce ga makomarta ba. Wa ya ba ni wannan kujerar? Hukuncin aikin na san shi, shi ya sa na faɗa. Abin da ke tsakanin baiwa da Ubangijinta kuwa ba a nuna mini ba.

Da na fara karanta tarihin ƙasar sai na ga halin nan ba daga sama ya faɗo ba. Shekaru da dama 'yan Katolika da 'yan Furotesta da masu ra'ayin gurguzu kowa da jaridarsa, da jam'iyyarsa, ɓangarorin addinin biyu kuma da makarantunsu, kowa na ganin ɗan'uwansa a kan ɓata yake. A 1917 suka sasanta cewa gwamnati za ta ɗauki nauyin makarantun addini daidai da nata. Albarkacin wannan sulhu ne Musulmi suka buɗe makarantun firamare na Islamiyya tun 1988, da kuɗin gwamnati.

Kada dai a ɗauka waliyyai ne. Idan magana ta zo kan baƙi, su ma sukan tsallake iyakar da suke alfahari da ita. Geert Wilders, wani ɗan siyasar ƙasar, ya daɗe yana caccakar Musulunci, aka gurfanar da shi, a 2011 kotu ta wanke shi, ta ce addini ya soka, kuma doka ta ba shi wannan dama. Amma a 2014, da ya tambayi magoya bayansa ko suna son 'yan Maroko su ƙaru ko su ragu, suka amsa da ihun a rage su, kotu ta same shi da laifin cin mutuncin wata al'umma a 2016. Maganganunsa na farkon ma sun yi mini ciwo, amma na gane inda alƙalan suka ja layi. Duk da haka jam'iyyarsa ce ta zo ta ɗaya a zaɓen Nuwamban 2023, da kujeru 37 cikin 150. Washegarin zaɓen na shiga jirgin ƙasa ina kallon fuskoki, zuciyata na son ta fara lissafin wane ne ya zaɓe shi. Na kwaɓe ta, tunda abin da nake ƙi a yi mini ke nan, a dubi mayafina a gama karanta ni.

Mu baƙi kuma namu ya fi zafi a tsakaninmu. Mace ta rage zuwa taro, an ce ta zama Baturiya. Yaron wani ya yi aski, an gama da tarbiyyar gidansu kaf. Abin mamaki, masu yanke hukuncin nan ba su cika faɗa wa mutum ra'ayinsu a gabansa ba. A gaba sai fara'a da "sannu da ƙoƙari", a bayan ido kuwa an riga an rufe shari'a.

Kwanaki wata babbar yaya da muke girmamawa ta tare ni a kan aikina. Ta ce ta ji abin da ake yi a irin gidajen nan, ya za a yi mai salla ta zauna a ciki. Na ce, "Yaya, ra'ayina da naki ɗaya ne a kan abin, kuma na faɗa musu a fuskarsu. Tsofaffin nan dai dole wani ya yi musu wanka." Ta ce ita dai ba ta gamsu ba, kuma da ita ce da ta bar aikin. Na ce na ji, zan ci gaba da zuwa. Ta ce to Allah ya tsare, ta tambaye ni ko akwai gurbi a sashen girki, ƙanwar mijinta na neman aiki.