Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Amaryar nan ba ta san wasa ba"

Makon jiya mun tsaya inda aka kai ni gidan miji a birnin Zariya.

Ni tun ina ƙarama yadda aka faɗa min magana haka nake ɗaukarta. A gidanmu na Kano an san halina, in an yi raha Yaya ce ke raɗa min a kunne, "Wasa ne, yi dariya." A Zariya babu Yaya. Ga shi kuma na faɗa gidan da kusan kowa yake da ikon tsokanata: ni Bakanuwa, su Zage-zagi, abokan wasa tun kaka da kakanni. Ƙannen miji na kirana "matarmu", kakarsa kuwa "kishiyata" take ce min.

Ran da na fara girki, tsohuwar ta ɗanɗana miya ta ture kwanon. "Kishiyata, ashe Kanawa har gishiri sai kun yi cinikinsa kafin ku zuba? Tattara kayanki, na karɓe mijina."

Na durƙusa na ce, "Kaka, ki yi haƙuri, bari in ƙaro."

Tsakar gida ya kaure da dariya. Abin da ake jira shi ne in rama, in ce ita dai ta tsaya kan fatenta, ko in tsokane su da Hausarsu ta "yarinya ya zo". Ni kuwa gishirin na ɗauko.

Daga nan aka sa min suna. Da a iya nan ya tsaya da sauƙi, amma a wajenmu wanda ba ya amsa wasa ba a ɗaukarsa marar ganewa, mai girman kai ake ɗaukarsa. Wasan taubasai da na ƙabilu zumunci ne, ƙin amsa shi kamar ƙin amsa sallama ne. Malam, maigidana, har bayani ya zaunar da ni ya yi min: Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, duk haka suke, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa irin wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin al'adun da duniya ke taskancewa. Na haddace tsaf. Haddar ba ta hana ni daskarewa in an jefo magana ba.

Kuma ina dariya fa. Sai dai tawa takan iso a makare, wani lokaci ina wanke-wanke da yamma zancen safe zai faɗo min, in fashe ni kaɗai. Wannan ma aka ce iskokai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne masu fakewa da wasa. Barkwanci daban, habaici daban, amma fuska ɗaya ake yi musu. Matar wan Malam ta gane ba na rarrabewa, sai ta riƙa yaɓa min magana kan rashin haihuwa, in na ɓata rai ta daga murya, "Kun gani ko? Ba ta san wasa ba." Har yau ban yarda wasa take yi ba.

Ranar goma ga Muharram, ana rabon kuɗin shara tsakanin taubasai, gida cike, ta sake yi a gaban surukata. Wannan karon Kaka ce ta ajiye carbinta ta ce, "Ke, maimaita abin da kika faɗa wa kishiyata."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.