Da Bokitin Ziniya Daga Jos Zuwa Kano

A tsakiyar Agusta na shiga mota a tashar Unguwa Uku ta Kano da sassafe, zan je Jos duba Goggo da ke fama da ciwon ƙafa. Muka bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore da damina ta mayar kore shar, a Saminaka muka sayi gasasshiyar masara. Daga Jingir hanya ta fara hawa, iska ta yi sanyi har sai da na ƙudundune cikin mayafi, don Jos tana kan tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200.

Na zaci a kwance zan same ta. Ashe tana bayan gida da sandarta, tsakanin kunyoyi huɗu na wani fure da take kira ziniya: ja, ruwan goro, rawaya, ruwan hoda, malam-buɗe-littafi sai shawagi suke a kai. Ni da na saba da fulawar roba a ɗakin amare, tsayawa na yi kawai ina kallo. Farkon Yuni ta shuka, cikin wata biyu suka fara fure. Da yake tsohuwar malamar kimiyya ce, ba ta bar ni haka ba. Ta ce asalinsa daga Meziko yake, sunan kuma na wani Bajamushe ne masanin tsirrai, Johann Zinn.

Ranar da zan koma ta tashe ni bayan asuba, raɓa ba ta bushe ba. Na kai almakashi kan wani ja mai kyau, sai ta riƙe min hannu.

"A'a, 'yar nan, girgiza shi tukuna."

Ta kama karan kamar taƙi ɗaya ƙasa da furen ta kaɗa. Kan ya yi langaɓe-langaɓe. Ta kaɗa na kusa da shi, ya tsaya ƙyam. "Wannan ya ƙosa. Wancan wuyansa rami ne a ciki, bai yi ƙwari ba, kina yanka zai sunkuya." Ta ce kada in ɗauki toho, domin ziniya ba ta cika buɗewa bayan an yanke ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take yankawa can ƙasa ba tausayi, daidai saman inda ganye biyu suka fito. Na ce, "Goggo, ai kin kashe shi." Ta nuna min inda ta yanka makon jiya, rassa biyu sun riga sun fito. Muka tsige ganyen ƙasa duka, muka tsoma kara talatin a bokitin da ta wanke da sabulu har sau biyu. Jan nan da ta hana ni, da ta juya baya na yanke shi na cusa a ciki, don ya shiga raina.

Kuɗin mutum biyu na biya na zauna gaba, bokitin tsakanin ƙafafuna, na yafa masa ɗankwali saboda rana. Direba ya tambaya, "Hajiya, magani ne?" Na ce ado ne, ya gyaɗa kai, kuma Allah Ya saka masa, duk ramin da zai shiga sai ya rage gudu. Kafin mu kai Saminaka jan nawa ya sunkuyar da kai. Sauran suna nan a tsaye har muka shiga zafin Kano da la'asar.

Na yi niyyar sa su a firij, Goggo ta hana ni ta waya, ta ce furen ƙasar zafi ne, sanyi mai yawa ɓata shi yake. Na raba su kwalabe uku nesa da taga. Ziniya tana saurin gurɓata ruwa, kwana biyu sai ka ga ya yi dishi-dishi, ƙwayoyin cuta kuma su toshe karan ya kasa sha. Don haka duk bayan kwana biyu nake wanke kwalaben, in zuba sabon ruwa da ɗan sukari da ɗigon bilic (ruwan nan na faranta tufafi mai kashe ƙwayoyin cuta), in datse gindin kaɗan.

Ranar ta takwas ce na farko ya fara ƙonewa a gefe. Na kira Goggo na gaya mata, ta ce in adana ambulan ɗin irin da ta sa min a jaka inda babu laima, sai ruwan baɗi ya zauna.