Yadda aka ƙera mini keke daidai jikina a Katsina

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep ya riƙa cinye mini albashi. Daga gidanmu a Ƙofar Marusa zuwa makarantar da nake koyarwa ba wata tafiya ba ce, sai na ce bari in koma keke, tunda na iya tun ina 'yar Islamiyya. Maigida ya amince. Masu kallo kuwa sun yi har sun gaji.

Matsalar ita ce ni gajera ce. Phoenix mai taya inci 28 ya fi ƙarfina, kekunan yara kuma gwiwa har ƙirji. Na gwada keken mata na gwanjo a babbar kasuwa, sandarsa a ƙasa take, amma kan keken ya yi mini nisa, kafin in kama shi sai na miƙe kamar mai ɗauko tulu a bayan randa. Ashe sauke sanda kaɗai ba ya mayar da keke na mace. Har a Amurka sai da wata injiniya, Georgena Terry, ta fara ƙera wa mata nasu a shekarun 1980, tana sa wa gajeru taya inci 24 a gaba, don a rage tsawon bodin ba tare da yatsun ƙafa sun taɓa taya wajen kwana ba.

Ni da ƙanena muka zaga masu walda. Na farko bai ko dube ni ba ya yanka kuɗi, ya ce da waldar lantarki zai yi, kafin la'asar ya gama. Muka wuce. Bututun keke ba ƙarfen ƙyaure ba ne, siriri ne, wutar lantarki na iya huda shi ko ta raunana shi daidai mahaɗa, wurin da duk nauyi ke taruwa.

Wanda na zaɓa wani dattijo ne mai gyaran keke, yana aiki da wani mai waldar gas da ke liƙa ƙarfe da tagulla. Kafin zancen kuɗi tambaya ya yi ta yi: ina zan riƙa zuwa, akwai rairayi a hanyar, zan ɗauki kaya, da zane zan hau ko da doguwar riga?

"Malama, je ki gida a auna ki, daga ƙasa zuwa inda sirdi ke zama, ba takalmi."

"Baba, da tef ɗin tela?"

"Shi fa. Har tsawon hannu."

Wannan ladabin ma ya ƙara sa na yarda da shi. Yayata ce ta auna ni, na jingina da bango.

Da awon ya zaɓo tsohon bodi na ƙarfe, ya ƙi na alminiyam don irin waldarsu ba ta kama shi. Suka rage tsawonsa, suka sauke sandar sama, sannan suka ƙara ɗan guntun bututu tsakaninta da ta ƙasa, domin bodin da ba sanda a sama yana saurin lanƙwasa. Ya ɗaura zare daga gaba ya zagayo baya don ya tabbata bai karkace ba. Taya inci 26 ya sa mini, don ita ce ba a rasa kayanta a gari.

Ya sa sirdi mai faɗi, ya matso da hannun birki kusa da yatsuna, ya rufe sarƙa, ya kuma saƙa raga a gefen tayar baya don kada ta ja hijabi. A kan tsayin sirdi ne muka yi gardama. Ni ina son ƙafata ta taka ƙasa ina zaune, shi ya ce feda na ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa, in ba haka ba ciwon gwiwa zan saya. Muka raba, ya sauke kaɗan, ya ce in hannuna ya faɗa in dawo ya ɗaga. Kafin ƙarshen zangon karatu na koma da kaina.