Talata, ranar ganin likitan jijiyoyi

Ƙarfe uku saura na farka, kuma sha-raɓar ƙafata ta hagu ce ta tashe ni. Ta fara wannan harbawar tata, tif tif tif, sai ka ce wani ɗan ƙaramin kifi ne ya maƙale a ƙarƙashin fata yana neman hanyar fita. Tun Lahadi na yi wa kaina alkawarin na daina dubawa amma wallahi kafin in ankara har na kunna tocilan ɗin waya na miƙe ƙafar a kan gado. In aka karkata hasken ta gefe yadda inuwa za ta fito, a nan ake ganin abin sosai, naman yana ɗan lotsawa yana tasowa. Na ƙirga 17 a minti ɗaya. Me zan yi da 17 ɗin? Oho. Na dai rubuta a ƙarƙashin na jiya da ya kasance 12, sai gabana ya yanke ya faɗi wai abin ƙaruwa yake yi.

Wata huɗu kenan ina cikin wannan hali. Da fatar ido ya fara, rawar ido irin wadda kowa ke yi, kwana uku bai daina ba sai na shiga Google, to mai neman kuka aka jefe shi da kashin awaki. A nan na fara cin karo da haruffan nan uku, ALS. Ni da ko sunan ban riƙe ba duk da na ga lokacin da mutane suka yi ta sheƙa wa kansu ruwan ƙanƙara a 2014 saboda ita, yanzu in aka tashe ni daga barci zan iya ba da lacca a kanta. Cuta ce da ke kashe jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, tsokar in ta daina samun saƙo sai ta raunana ta ƙanƙance, hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, magana da haɗiya su bi, a ƙarshe numfashi. Yawanci shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta. Na san wani likitan Faransa mai suna Charcot ne ya fayyace ta tun wajajen 1869, na san Lou Gehrig ɗan wasan ƙwallon baseball na Amurka da aka gano masa a 1939 ya rasu a 1941, na san Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Birtaniya, yana da shekara 21 aka ce masa yana da ita amma sai da ya kai 76. Duk wannan ilimin bai taɓa ba ni barcin minti biyar ba.

Da gari ya waye sai na yi jarabawata ta kullum, wadda ba wanda ya san ina yi sai wannan shafin. Tafiya a kan dunduniya daga ƙofa zuwa taga, dawowa a kan yatsun ƙafa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɓalle maɓallan riga da mayar da su da hannun hagu, murɗa makulli sau biyar. Sai madubi, in zaro harshe in zuba masa ido ko yana rawa. Yana rawa mana! Yau na ji daga bakin likita cewa harshen kowa in ya zaro shi ya riƙe a waje sai ya yi rawa, shi ya sa su a kwance cikin baki suke duba shi. Wata huɗu ina tsorata kaina da gwajin da ko daidai ba na yin sa.

Yaya ce ta raka ni asibitin. A hanya ba ta ce komai ba sai da ta ga ina ta matsa tsokar da ke gindin babban yatsana ina gwada ta dama da ta hagu, sai ta kama hannun ta ajiye min a cinya ta ce "ke dai Allah ya yaye miki". Haushi ya kama ni amma na yi shiru don ita kaɗai ta rage da ba ta gaji da ni ba, ko kuma ta gaji ta iya ɓoyewa.

Mun daɗe a layi. Akwai wani dattijo a keken guragu kusa da mu, hannunsa ɗaya a naɗe a ƙirji, ban san me ke damunsa ba kuma ba ruwana amma zuciyata ta riga ta yanke masa hukunci ta yanke min, har kunya ta kama ni, mutum na fama da ainihin jinyarsa ni kuma na mayar da shi madubi.

Likitan ba mai yawan magana ba ne. Na zaro wayata zan nuna masa bidiyon ƙafar, guda 23 gare ni, ya kalli ɗaya ya ce ya isa. Sai ya ce in cire takalmi. Ya sa na tura hannunsa, na ja hannunsa, na matse yatsunsa biyu iya ƙarfina har ya ce "to Malama sake ni haka nan", ya sa na buɗe yatsuna yana ƙoƙarin haɗe su, na ɗaga ƙafa yana dannawa ƙasa. Ya ɗauko 'yar gudumar robar nan ya ƙwanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu da bayan idon sawu, ya ja wani abu mai ɗan tsini a tafin ƙafata daga dunduniya zuwa sama yana kallon inda babban yatsa zai nufa, ya lanƙwashe ƙasa, ni kuma da na riga na karanta na san ƙasan ake so sai na saki wata ajiyar zuciya da har shi sai da ya ɗago ya kalle ni. Ya sa na yi tafiyar dunduniyar nan tawa ta kowace safiya. Na yi ta kamar wadda ta shekara tana atisaye, don kuwa kusan hakan ne.

Da ya zauna sai ya tambaye ni abu ɗaya, wai a wata huɗun nan mene ne na kasa yi wanda da nake iya yi. Na fara cewa ƙafar tana min nauyi, hannun kamar ba nawa ba, wani lokacin ina jin kamar ana tsira min allura a yatsu. Ya ce a'a, ba abin da nake ji ya tambaya ba, abin da na kasa. Na yi shiru na lalubo na lalubo, babu. Ya ce to ita waccan cutar da kasawa take zuwa, mutum ya ga ƙafarsa tana ja yana tuntuɓe, ko makulli ya gagare shi murɗawa, kuma ba ta yin sauƙi yau ta dawo jibi, gaba kawai take yi. Jin tsira da dindiris ɗin da nake faɗa ma ba halinta ba ne, don jijiyoyin motsi take kamawa, jijiyoyin ji kuwa yawanci ba ta taɓa su. Rawar tsoka kuma ita kaɗai ba rauni ba ƙanƙancewa, wadda ke tsalle daga ido zuwa ƙafa zuwa kafaɗa, ya ce mafi yawan mutane masu lafiya suna yin ta, rashin barci da kofi da gajiya da damuwa duk suna ƙara ta. Ni kuwa barcina bai wuce awa huɗu ba tun da abin ya fara, ga kofi kofi uku a rana don in iya aiki. Ya ƙara da cewa a mutum 100,000 kamar 2 ne ke kamuwa a shekara, kuma akasari sun haura 50, ni ina 29.

Na ce to Likita a min gwajin EMG mana, wanda ake soka siririyar allura a tsoka a ga yadda wutarta ke aiki, in ya fito lafiya shi kenan hankalina ya kwanta. Ya ɗan yi murmushi ya ce in ya ga dalili ko ban roƙa ba zai rubuta, amma bai gani ba, kuma yana tsoron in an yi ya fito lafiya bayan sati biyu zan dawo in ce an yi shi da wuri ne ko ba a soki tsokar da ta dace ba. Na buɗe baki zan musa sai na tuna gwajin jinin watan jiya, kwana uku cak ya riƙe ni. Ya ce har likitoci 'yan'uwansa akwai masu faɗawa wannan tarkon na rawar tsoka, su da suka san komai. Sai ya rubuta min takardar ganin masu kula da lafiyar tunani, ya ce akwai hanyar da ake kira CBT da ke koya wa mutum ya ji abin ya bar shi ba tare da ya duba ba, don dubawar da neman a ce maka lafiyarka ƙalau su ne abincin waswasin. Ban ji daɗin takardar ba gaskiya. Wani ɓangare na zuciyata ji ya yi kamar an ce ƙarya nake, alhali ƙafar nan tana rawa da gaske, shi ma ya gani da idonsa.

Amma fa da muka fito, kai! Jikina sakayau kamar an sauke min dutse. Na yi ta zuba wa Yaya surutu a hanya, na goge bidiyo 23 ɗin nan a gabanta ɗaya bayan ɗaya, na dawo gida na yi wanki na share ɗaki har waƙa na kama kaina ina yi.

Wajen ƙarfe takwas na dare ina riƙe da waya sai gindin babban yatsana na dama ya harba. Sau uku ko huɗu, ya tsaya. Wurin da bai taɓa yi ba. Nan take wata murya ta ce ai hannun hagu ya fi dubawa, kuma ya yi sauri, minti nawa ma duka ya yi a kanki, kuma ba ki gaya masa ranar nan da kika sarƙe da ruwa ba. Ko awa bakwai maganar likitan ba ta yi a jikina ba, ɗiban ruwa da kwando kenan. Har na buɗe Google na rubuta rabin tambayar, sai na tuna murmushin nan nasa da zancen sati biyu, ashe ma ya kyautata min zato.

Na kira Yaya na ce mata yatsana ya fara. Na so ta ce ba komai ba ne, ita kuma tana ɗakin lokacin da likita ya ce a daina ba ni wannan amsar, sai cewa ta yi "na ji, to me kika yi da ya fara?" Na ce ban yi komai ba tukuna. Ta ce to ci gaba da rashin yin komai ɗin, kuma gobe da safe ta ga hoton takardar nan da ranar da aka ba ni a rubuce a jiki.

Yanzu sha ɗaya da kwata. Sha-raɓar ta dawo aikinta tun ɗazu, ina jin ta ta cikin bargo, ban kunna tocila ba, ban ƙirga ba, ko da yake ƙwaƙwalwata tana ƙirgawa da kanta a ɓoye ta kai tara. Ina gama wannan rubutun zan kai wayar falo in sa ta a caji can, in Allah ya kai mu gobe ƙarfe tara zan kira lambar da ke jikin takardar.