Yadda na sa bidiyon dijital ya ɗauki kamannin zaren fim

Daraktan wani gajeren fim da na gyara wa kala ya turo min abin da suka ɗauka, ya ce yana so aikin ya fito kamar tsohon fim. Wannan magana ba ta isar da mai gyaran kala ko'ina, domin zaren fim iri-iri ne. Kodak kaɗai, a jerin da take kira Vision3, tana da zaren kala huɗu: 50D da 250D na hasken rana, 200T da 500T na hasken ƙwan tangistin. Lambar tana nuna saurin zaren wajen kama haske, harafin kuma irin hasken da aka yi shi dominsa, wajen 5500K ga na rana, 3200K ga na ƙwai a ma'aunin launin haske. Fujifilm ma ta yi nata, irin su Eterna, kafin ta daina yin zaren ɗaukar fim a 2013. Ga kuma faɗin zaren kansa: milimita 8, 16, 35, kowanne da irin fuskarsa. Sai da muka zauna na riƙa nuna masa hotuna yana cewa wannan e, wannan a'a, kafin na gane abin da yake nufi. Ba ruwansa da karce ko ƙura. Yana son farin da ba ya tsone ido, kala mai nauyi, da hoton da yake ɗan motsi ko da babu abin da ke motsi a cikinsa. Muka tsaya a kan 250D da rana, 500T da dare, a faɗin Super 16, wani tsari na zaren milimita 16.

Abin da ya fi yi min amfani a duk aikin shi ne tuna cewa fim ɗin da mutane suka kalla a sinima ya bi ta zare aƙalla biyu. Na farko shi ne dodon hoto, wanda ke cikin kyamara. Idan ka ɗaga shi ga haske za ka gan shi ruwan lemo, kalolinsa a juye, ba shi da wata tazara tsakanin haske da duhu, domin aikinsa ajiye bayani ne kawai. Na biyu shi ne zaren da ake buga masa hoton a ɗakin wanki a kai wa majigi, kuma wanda ya fi shahara shi ne Kodak 2383. Shi ne mai baƙi wuluk, shi ne mai lanƙwasa fari a hankali, shi ne ke jan inuwa zuwa shuɗi-shuɗi yana barin wuraren haske da ɗumi. Kaso mafi tsoka na abin da ido ke kira "kalar fim" daga gare shi yake fitowa.

A DaVinci Resolve, manhajar gyaran kala, akwai LUT, wato jadawalin da ke juya kalolin hoto zuwa wasu, na 2383 da na Fujifilm 3513DI da suke zuwa tare da manhajar, kowanne kashi uku bisa ɗumin farinsa: D55, D60, D65. Mutane da yawa suna ɗora su a kan bidiyon da ya riga ya koma Rec.709, tsarin kalar allon talabijin, su ga inuwa ta toshe, fata ta yi ja kamar an ƙona, sai su ce LUT ɗin ba shi da kyau. Lafiyarsa lau, abin da aka ba shi ne ba nasa ba. Yana jiran hoto ne a tsarin Cineon, wanda Kodak ta fito da shi a farkon shekarun 1990 don sikanin dodon hoto, inda baƙi yake zaune a 95, fari a 685, a ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 1023. Saboda haka na jera nod ɗina, wato matakan gyara a manhajar, yadda ɗakin wanki yake aiki: a gaba, duk gyaran haske da daidaita fari, a cikin log, wato ɗanyen hoton kyamara mai dishi-dishi, sannan nod mai juya hoton zuwa Cineon, sannan LUT ɗin a can ƙarshe. Duk abin da zan taɓa, ƙarƙashin LUT nake taɓa shi, ina kallon sakamakon ta cikinsa. Kuma na taƙaita kaina ga ƙafar ofset, wadda take ɗaga hoton ko ta sauke shi gaba ɗaya, domin masu aikin ɗakin wanki ma abin da suke da shi ke nan: fitilu uku, ja da kore da shuɗi, daga 1 zuwa 50, maki 12 ya ba ka kusan sitop ɗaya, wato ninka haske ko raba shi biyu. Hoton da aka gyara da wannan ɗan kayan aiki yakan fito da wata irin nutsuwa da ba na samu idan na shiga murɗa inuwa daban, haske daban.

Sai maganar nauyin kala. A dijital, idan ka ƙara wa ja ƙarfi, yakan ƙara haske, ya riƙa walƙiya kamar fitilar talla. A zaren fim kuwa kala rini ce, rawaya da jan-garura da shuɗi-kore a jere, kowanne yana tare wani ɓangare na hasken majigi. Kamar yadi ne a tukunyar rini: duk tsomin da aka ƙara, kalar na ƙara kauri, tana kuma ƙara duhu. LUT ɗin yana yin rabin wannan aiki da kansa. Sauran na cika shi da lanƙwasar da ke sauke hasken kalolin da suka fi ƙarfi, musamman jar rigar da ɗaya daga cikin 'yan wasan ya sa, wadda a kyamara take neman fitowa daga allo ta bar mai ita a baya.

Inda na fi daɗewa shi ne wani wuri da 'yar wasa take zaune kusa da taga. Baƙa ce mai sheƙi, haske na zuwa mata daga hagu. Da na kunna 2383, kumatun da ke fuskantar taga ya yi kyau ƙwarai, kamar tagulla. Ɗaya gefen kuwa ya nutse, daga ƙasan ido zuwa haɓa ya koma wani kore-kore mai toka, kamar marar lafiya. Dalilin a fili yake idan ka duba lanƙwasar LUT ɗin: baƙar fata tana zaune ƙasa da tsakiyar toka, gefenta na inuwa kuma ya ƙara gangarawa, daidai inda zaren majigi yake saurin toshewa yana sanyaya kala. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne rage ƙarfin LUT ɗin zuwa rabi, amma wannan cakuɗa hoton da aka gama ne da ɗanyen log, sai komai ya yi fari-fari kamar an kalla ta labule. Abin da ya yi aiki shi ne na rage tazarar haske da duhu tun kafin LUT, na ɗaga ofset kaɗan, na zagaye gefen fuskar da da'ira mai laushin baki a manhajar na ƙara mata ɗan ja, sannan na bar D65 na koma D55 wanda ya fi ɗumi. Jini ya dawo fuskar, bangon da ke bayanta kuma bai rasa shuɗinsa ba. Tun daga ranar, fuska mafi duhu a fim ita nake fara gwada kowane LUT a kanta.

Jan zoben da ke kewaye fitilu ba ya buƙatar dogon aiki, amma yana buƙatar sanin asalinsa. A zaren kala, shimfiɗar da ke kama shuɗi ce a sama, ta kore a tsakiya, ta ja a ƙasa kusa da gindin zaren. Haske mai ƙarfi yakan huda su duka, ya bugi gindin ya dawo, ta farko da zai tarar ita ce ta ja. Don hana wannan ne aka daɗe ana shafa wa bayan zaren sinima wani baƙin gawayi, remjet, wanda ake wankewa a farkon wanki. Jan da ya cika hotunan da ake yaɗawa a intanet galibi na CineStill 800T ne, wato 500T marar wannan shafi, saboda haka ba shi ne ma'aunin abin da aka gani a sinima ba. Na sa nawa jan zoben kafin LUT, a iya wuraren da haske ya yi tsanani kusa da duhu. A wani wurin dare da fitilar mota take haskowa, na rage shi har sai da ya zama ba ka lura da shi sai ka kashe nod ɗin, ka ga bakin fitilar ya koma kaifi kamar an yanka da reza.

Ɓarɓashi kuwa, wato ɗigo-ɗigon da ke rawa a hoton fim, wanda kowa ke fara tambaya, shi na sa daga baya. A zaren fim, ƙananan duwatsun azurfa ne suke kama haske, a warwatse ba bisa layi ba. Bayan wanki a zaren kala, azurfar tana fita, a bar ɗigo-ɗigon rini a gurbinta. Ke nan hoton kansa da ɓarɓashin aka gina shi, babu wani hoto mai santsi da ke ɓoye a ƙarƙashi. Wannan ya sa duk ɓarɓashin da aka yayyafa a kan bidiyo mai kaifi yake tona kansa: ido yana ganin gashin gira ɗaya-ɗaya a baya, ga kuma wani abu na rawa a gabansa, kamar datti a gilashi. Don haka na fara da wanke dattin sensa, wanda yake taruwa a inuwa da ɗigon kore da shunayya, sannan na ɗan dushe hoton, yadda mafi ƙanƙantar abin da ake iya gani bai fi ƙwayar ɓarɓashin ƙanƙanta ba. Wannan mataki yana da ciwo, domin kana zubar da kaifin da aka sha wahala aka samu. Amma Super 16 faɗinsa milimita 12.52 ne, Super 35, takwaransa a zaren milimita 35, kuma 24.89, wato idan za su cika allo ɗaya sai an hura na farkon kusan ninki biyu, da ɓarɓashinsa da laushinsa duka. Ba a samun ɗaya a bar ɗaya.

Sauran abubuwan sai a hankali na tattara su. Zare mai sauri duwatsunsa manya ne, don haka wuraren dare na ba su ƙwaya mafi girma fiye da na rana. Shimfiɗar shuɗi ita ce ta fi ɓarɓashi, sai na bar wa shuɗi kaso mafi yawa, amma ban bari kalar ɓarɓashin ta yi ƙarfi ba, domin da zarar ta yi, ta koma kamar dattin sensar da na gama wankewa. A majigi an fi ganinsa a tsaka-tsaki da ɗan ƙasa da tsakiya, baƙi wuluk yana haɗiye shi, fari fat yana share shi. Da na sa nod ɗinsa kafin LUT maimakon bayansa, lanƙwasar ta yi wannan rabon da kanta ba tare da na zana komai ba. Na gwada ɓarɓashin da aka sikano daga zare na gaske, wanda ake ɗorawa a kan hoto, yana da kyau, sai dai idan gajere ne yana maimaita kansa, a kan bango marar ado ido yakan kama zagayowar. Dole kuma kowane firam ya zo da sabon ɓarɓashi. A inda aka rage gudun hoto, idan ɓarɓashin na jikin guntun bidiyon ne, shi ma zai rage gudu, ya riƙa tafiya kamar yana iyo. Rubutun sunaye ma na sa shi ƙarƙashin ɓarɓashin, domin harafi mai santsi a kan hoto mai rawa tamkar an manna shi yake.

Girgizar da zare ke yi a bakin majigi na sa kaɗan ƙwarai. Karce da ƙura ban sa ko ɗaya ba. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfina: wani wuri da sararin sama ya ƙone tun a kyamara, da wani da aka ɗauka da shata, wato murfin da ke buɗe wa haske, mai sauri maimakon 1/48 na daƙiƙa da aka saba a firam 24 a daƙiƙa. Na farkon na lulluɓe bakinsa da laushi, na biyun haka ya tafi da motsinsa mai tsinkewa.

Masu manyan ayyuka ma ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. Dune na 2021 an ɗauke shi da kyamarar dijital ta Arri, aka buga shi a zaren milimita 35, aka sake sikano shi. Steve Yedlin kuma, mai ɗaukar hoto, ya daɗe yana nuna cewa idan an auna halin zare da kyau, lissafi zai iya maimaita shi. Ni ina ɓangarensa, ba don komai ba sai don shi ne hanyar da ke buɗe ga mai kwamfuta ɗaya.

Matsala ta ƙarshe ta zo ne wajen fitarwa. Manhajar matse bidiyo tana rage nauyi ne ta hanyar hasashen firam na gaba daga na baya, ɓarɓashi kuwa ba ya hasasuwa. Da na ɗora gwaji a YouTube na kalla a waya, ɓarɓashin da na daidaita ya narke ya zama tabo-tabo masu rarrafe a inuwa, yana bayyana yana ɓacewa. Tsarin AV1, wanda ya fito a 2018, yana da dabarar cire ɓarɓashi kafin matsewa a sake ƙirƙirarsa a na'urar mai kallo, amma mai ɗora bidiyo ba shi ke zaɓar yadda za a matse masa ba. Sai na fitar da kwafi biyu. Na majigi ya tafi da ɓarɓashinsa yadda yake. Na intanet na ƙara wa ƙwayar girma, na rage mata ƙarfi da kala, na ɗaga baƙin kaɗan, na fitar da shi a 4K duk da cewa a 1080 aka tace, domin a ba shi kaso mafi yawa na bayanai. Wurin motar nan na dare shi na riƙa ɗorawa ina dubawa a waya da kwamfuta, sai da ya tsaya da ƙafarsa sannan na fitar da sauran fim ɗin da saitinsa.