Abin da na koya a sana'ar faifan kofi na rezin a Nima

Masu haɗa rezin, wato ruwan robar nan mai daskarewa ya yi kamar gilashi, suna rubuta ƙa'idarsu a jikin kwalba ne da tunanin ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 25. Mu kuwa a Nima, unguwarmu ta birnin Accra a Ghana, ƙarƙashin rufin kwano, da azahar ɗaki yakan haura 30. Wannan bambancin shi nake fara yi wa duk yarinyar da ta zo koyon faifan ɗora kofi bayani, tun kafin mu taɓa kala ko ƙyalli, domin yawancin aikin da ke lalacewa a hannun 'yan koyo daga nan yake tasowa.

Rezin kwalba biyu ne, A da B. Ba iska ke busar da shi ba. Haɗuwar biyun ce ke daskarar da shi, tana kuma fitar da zafi, zafin ya ƙara mata sauri. Shi ya sa minti 40 da aka ce kina da su kafin ya fara kauri, a nan sai su koma kusan rabi. In kika dama da yawa kika bar shi tare a kofi mai zurfi, zai yi ta dafa kansa har robar ta lanƙwashe, wani lokaci har da hayaƙi. Anti, matar da ta koya mini, ba ta yarda a dama abin da ya wuce na mazubi huɗu a lokaci guda, wato abin silikon da ake zuba rezin a ciki ya ɗauki siffar faifai. Lissafin ba wuya: mazubi zagayayye mai faɗin santimita 10 da zurfin milimita 8 yana cin kusan mililita 63, huɗu ke nan kusan 250. A dama, a zuba, sannan a sake sabon haɗi.

Ga kuma laima. Gari ne na bakin teku, iskarmu a jiƙe take, balle a watan Mayu da Yuni da ruwa ke sauka sosai. Kwalbar B tana jan danshi, sai ki wayi gari ki ga bayan faifan ya yi hazo-hazo, yana maiƙo a yatsa. Fuskar da ke kwance cikin mazubin silikon ba abin da ke samunta, da ƙyallinta take fitowa. Bayan ne ke shan wahala, kuma sau da yawa ruwan ɗumi da sabulu suna wanke shi. Ni dai ranar da ake ruwa ba na zubi. Da hantsi nake aiki, raɓa ta ɗauke, kwano bai gama ɗaukar zafi ba. Hunturu ya fi daɗin aiki don iska a bushe take, amma ƙurarsa ba ta da kunya, dole a kife babbar roba a kan aikin da zarar an gama zubawa.

Awo kam ba a yi masa wayo. Wani rezin ɗaya bisa ɗaya ne a kofin awo, wani biyu bisa ɗaya, wani kuma uku bisa ɗaya a kan sikeli. A ya fi B nauyi, don haka wanda aka ce a auna da kofi, in kika ɗora shi a sikeli daidai wa daida, haɗin ya karkace. Yayana mai gyaran jikin mota ya taɓa ce mini in ƙara B ya yi saurin kamawa, tunda haka suke yi da abin da suke cike lotsewar mota. Da na kai wa Anti zancen, dariya ta yi ta ce, "Ki ce wa Yaya nasu daban, namu daban." A wannan rezin, abin da ya yi yawa ba ya samun abokin haɗuwa, sai ya zauna a jiki yana danƙo har abada. Damawa kuma a hankali, minti 3 zuwa 5, ana kankare gefe da gindin kofi. Mai bugawa da ƙarfi kumfa take tara wa kanta. 'Yar wadda ta taso sama, tsinken sakace ya isa, ko a gilma wutar laita sama-sama ba tare da ta lashi bakin mazubin ba.

Wajen ado na fi jin daɗin sana'ar, don kayan duk namu ne. Ƙyallen atamfa da teloli ke zubarwa yana yin kyau ƙwarai, sai dai in aka tsoma shi haka nan zai sha rezin, launinsa ya yi duhu, ya yi ta sakin kumfa. Ana fara shafa masa farin gam siriri gaba da baya, a bari ya bushe ƙayau. Duwatsun Krobo, waɗanda ake yi da garin kwalba, suna da nauyi, ƙasa suke nutsewa. Busasshen fure kuwa sama yake tasowa. Maganin duka biyun zubi biyu ne: a zuba rabi, a jira ya fara kamawa, a jera ado, a rufe da sauran. Wuri, irin na kuɗin da, yana ɓoye iska a cikinsa, sai an ɗura masa rezin tukuna. Ɗanyen fure ruɓewa yake a ciki ya koma ruwan ƙasa. Kala ma kaɗan ake sawa, kuma a guji fenti mai ruwa-ruwa.

Akwai odar da ba na karɓa. Wasu kan ce a sa musu aya ko sunan Allah a ciki. Abin da za a ɗora wa kofi, a jiƙa shi, yaro ya jefar a ƙasa, bai dace da wannan ba. Nakan ce, "Hajiya, bari in yi miki na ratayewa a bango."

Batun lafiya ba dogon zance: safar hannu ta roba mai kauri, taga a buɗe, kofin aiki kada ya koma kicin, yara su yi nesa, abin da ke da wuya a gidan haya irin namu. In rezin ya taɓa fata, sabulu da ruwa. Fata takan yi shiru wata da watanni, rana ɗaya ta fara ƙaiƙayi da kumburi, daga nan ko kaɗan ya taɓa ki sai ta tashi. Goge gefe da samfefa kuma a jiƙe ake yi, don kada a shaƙi garin.

Sai shayi, wanda shi ne alƙalin aikin a gidajenmu. Rezin na gama-gari yana fara laushi tun wajen digiri 50 zuwa 60, ruwan shayi kuwa daga tafasa ake zuba shi. Kofin kan bar zobe a fuskar faifan, ko ya manne ya taso da shi. Bayan awa 24 ana iya cirewa daga mazubi, amma bai gama ƙarfi ba sai bayan awa 72, wani ma sai mako. Nan rikicina yake da masu biki da suna, waɗanda ke zuwa ranar Laraba suna son tsarabar rabo ta Lahadi. Wanda aka cusa a leda bai nuna ba, lanƙwashewa yake, shatin ledar ya fito a jikinsa. Yanzu kafin in karɓi kuɗin kowa sai na tambaya: na ruwan sanyi da sobolo (zoɓo) ne, ko na shayi? In na shayi ne, akwai rezin mai jure zafi, ya fi tsada, kuma sai an ba ni kwana goma.