Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fito daga Zamare zuwa Rofiya

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da Yayata ta bugo waya daga Rofiya ta ce jikin Inna ya yi tsanani, kuma sunana take ta kira. Wanda bai san ni ba zai ce ai abin mai sauƙi ne, domin tsakanin Zamare, a gefen Yawuri, da Rofiya ruwan Kwara ne kawai, kuma kullum masu fito suna kai da komo da mutane da babura da buhunan albasa. Amma a lokacin na shekara uku ban sa ƙafa a jirgi ba, tun yammacin da kwale-kwalen da muke ciki ya daki kututture ya tsage, wani basarke ya finciko ni ta wuyan riga bayan na sha ruwa har na daina gani. Tun daga ranar, duk sa'ad da zumunci ya tilasta mini ƙetarewa, sai in zagaya a mota ta Kontagora da Kainji, in ɓata yini guda a kan tafiyar da jirgi mai inji ke gamawa cikin ƙasa da awa ɗaya.

A wannan karon ba ni da yinin da zan ɓatar, saboda haka na ce wa Yaya da safe zan fito, na ajiye waya, zullumi ya kama aikinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki game da tsoro shi ne ba ya zuwa da siffarsa ta tsoro, da muryata yake magana, kuma a natse, tamkar dattijo mai ba da shawara. Ya tuna mini cewa ina da 'ya'ya ƙanana. Ya tuna mini cewa tun da aka tare kogin da madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da dazuzzuka, kututturan itatuwan kuma suna nan tsaye a ƙarƙashi. Ya kawo mini jirgin da ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021 ɗauke da mutum fiye da 150, wanda mafi yawansu ba su fita da rai ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, shi ya sa na kasa musa masa. Can kuma wata muryar ta taso tana yi mini gori, wai namiji da gemu yana gudun abin da 'yan mata masu talla ke hawa kullum. Ita ma ba ta ƙara mini komai ba sai kunya a kan fargaba.

Wajen ƙarfe uku na dare maiɗakina, wadda na ɗauka barci take yi, ta ce: "Malam, tun isha'i kake nutsewa, alhali ko bakin ruwan ba ka je ba. Wai me ya kifar da jirginku ranar nan?" Na yi shiru, sannan na lissafa mata: lodi ya yi yawa, duhu ya fara, matuƙin kuma yaro ne da bai san inda kututturan suke ba. Ta ce to, a cikin ukun nan wanne ne ba zan iya gani da idona ba kafin in shiga? Ban ba ta amsa ba, amma daga nan maganar da nake yi wa kaina ta sauya, ta tashi daga "zan mutu" ta koma "da hantsi zan je, kuma zan duba".

Na duba kuwa. Jirgin farko da ya cika na ƙi shiga, domin tsakanin bakinsa da ruwa bai fi yatsu huɗu ba, na bar yaran tasha suna ta yi mini dariya. Na biyun na wani tsoho ne, wanda ya kalli yadda nake riƙe da jakata ya ce: "Malam, ruwa ya taɓa taɓa ka ne?" Na ce: "Ƙwarai, Baba." Bai ce mini kada in ji tsoro ba, kuma har yau ina gode masa a kan haka. Wata yankakkiyar jarka ya miƙo mini, ya zaunar da ni a tsakiya, ya ce in riƙa kwarfe masa ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgin. Na karanta Bismillahi majreha wa mursaha, leɓena na rawa, aka tayar da inji.

A tsakiyar kogi wani babban jirgi ya gifta, igiyarsa ta ɗaga mu ta sauke, muryar nan ta dare ta ce shi ke nan. Sai na ji kaina ina cewa a fili: "Igiyar wancan jirgin ce, yanzu za ta wuce." Wata tsohuwa mai ƙwaryar kifi a cinya ta dube ni ta ce: "Ɗan nan, da wa kake?" Na ci gaba da kwarfa ina ƙirgawa, kuma ina kan ta 83 ne na ji ƙasan jirgin ya goga yashi.

Na tarar da Inna kwance, idanunta a rufe. Da na durƙusa na gaishe ta, hannunta ya sauka a kan ƙafar wandona da ta jiƙe, ta ɗan matsa ta, ta ce: "Ta ruwa ka zo?" Na ce ta ruwa na zo, Inna. Ta daɗe ba ta saki wandon ba.

Kwanana tara a Rofiya, kuma tun a daren farko zuciyata ta fara lissafin komawa, domin kogin bai matsa ko'ina ba. Yadda ta kasance da jinyar Inna, da abin da ya sa na koma tare da gawa a jirgin tsohon nan, shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.